Ruwan Milimita Takwas

Sabon Birni,
Litinin.

Zuwa ga Yaya Mairama,

Assalamu alaikum. Ki yi mini afuwa, za ni fara da magana kafin gaisuwa, don in na tsaya tambayar lafiya ƙarfin halina zai ƙare a nan. Na san manhajar da kinka gina wa ƙungiyar manoma ta lalace tun watanni kafin shukar mutane ta mutu. Ba zato na yi ba. Na auna, na rubuta, na ɓoye. Ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba, ko Inna.

To yanzu ina gaisuwa. Ina fatan kina lafiya. Ya aiki, ya zafin Sakkwato, ya ciwon kan nan da ke kama ki in kin daɗe gaban kwamfuta? Inna da Baba lafiyarsu lau, in dai ta jiki ce. Baba ya rage magana tun da rana ta ƙone shukar gonar hanyar Gangara. Yakan dawo ya zauna zaure, a kai mishi tuwo a ɗauko shi kusan yadda anka kai shi. Ban iya gaya miki wagga magana ta waya ba. Kin san wayar Inna ce, kuma Inna ba ta yarda a yi magana sai an buɗe murya duk gida na ji.

Ban sani ba ko labari ya iso miki yadda yake. A kasuwa yanzu ba a cewa manhajar ƙungiyar manoma, sai dai a ce na'urar Mairama. Muryarki ce ta shiga wayoyin mutane ta ce, "Jama'a, ruwa ya isa shuka, Allah ya ba da sa'a." Sun fita sun zuba irin da sunka hana 'ya'yansu ci shekara biyu na fari, ya tsiro, rana ta cinye shi cikin kwana tara. Ba wanda ya ga hannuwan da sunka taɓa cikin manhajar. Muryarki kawai sunka ji.

Kin tuna ranar da za ki koma Sakkwato, kinka zaunar da ni a ofishin ƙungiya? Kin nuna mini aikina: in an yi ruwa in duba kwalbar awo da ke tsakar gidanmu, in shigar da lambar. In ruwan ya kai milimita ashirin da biyar, saƙonki ya tafi da kanshi. Sannan kinka buɗe mini wurin da kinka sa wa suna ɗakin gwaji, inda saƙo ba ya fita waje. Kin ajiye tsofaffin ruwan sama goma sha biyu a ciki, waɗanda kinka tattaro daga tsofaffi da takardun makaranta, kowanne an san ƙarshenshi, wanda anka yi shuka ta kama da wanda anka yi ta mutu. Kin ce, "Jamila, duk ranar da wani ya taɓa cikinta, ki yi mata tambayoyin nan sha biyu. In ta faɗi ko ɗaya, ki kira ni." Na ce to. Ban taɓa kira ba.

Damina biyu tana cin sha biyu cikin sha biyu. Ko a shekarar da ruwa ya yi gardama, ita ce ta hana mutane gaggawa, har tsofaffi sunka riƙa sa miki albarka. Ni ma ana nuna ni a ce ƙanwarta ce, in ji kamar in nutse don kunya, amma cikin raina ina jin daɗi.

Hannu na farko Lawwali ne, mai gyaran waya na bakin tasha. Mutanen Burkusuma sun yi ƙorafi saƙo ba ya zuwa musu, don rabinsu layin Nijar ke gare su. Ya zauna yini guda ya gyara, saƙo ya fara zuwa Burkusuma. Da ya tafi na shiga ɗakin gwaji. Sha ɗaya. Na sake yi, sha ɗaya. Kuma manhajar da ke buɗewa kafin in gama gyara zama, yanzu sai na ƙirga tara.

Wannan karon na yi magana, Yaya, ki shaide ni. Na tarar da shi a rumfarshi na ce ta faɗi tambaya ɗaya. Ya dube ni ya ce, "Ke ba mai littattafan soyayya ba ce? To wanga ba labarin Alhaji da farar mota ba ne, je ki ƙarasa karatunki." 'Yan kabu-kabu da ke cajin waya a wurin sunka bushe da dariya. Na juya na koma gida. Daga ranar bakina ya mutu, sai alƙalami.

A bayan kowane littafin soyayya akwai farin shafi guda ko biyu. Nan nake rubutawa, don ba mai buɗe su, Baba ko taɓa su ba ya yi. Ina sa rana, in sa sunan wanda ya taɓa ta, da abin da ya zo gyarawa, da tambaya nawa ta ci, da nawa na ƙirga kafin ta buɗe. Lawwali ya dawo don saƙo na zuwa wa mutanen Isa sau biyu. Ya daina zuwa sau biyu, ta koma goma. Wani baƙo daga wata ƙungiyar agaji ya ƙara mata wurin farashin taki, ya tafi ba a sake ganinshi ba. Goma dai, amma ƙirga ta kai ashirin.

Abin da na lura, ba wanda ya taɓa ta da mugunta. Kowa gyara ya zo yi, kuma abin da ya zo gyarawa yakan gyaru, a yi mishi godiya. Sai wani wuri can da bai duba ba ya saki, kamar tsohon buhun Inna da in ta ɗinke gindi sai baki ya yage. Kuma kowa ya zo ba ya karanta abin da na gabanshi ya yi, sai ya ɗora nashi a kai.

Daga nan ƙungiya ta ɗauko Malam Atiku daga Isa. Ya yi karatun kwamfuta, yana zuwa duk ranar kasuwa bisa babur, da farin yadi da ko ƙurar hanya kamar tana jin nauyinshi. Ranar farko ya ce mini, "Sannu da aiki, Malama Jamilatu." Ba wanda ya taɓa ce mini Malama.

Hannuna ya gaji, ko dai ba hannun ba ne. Za ni tsaya nan. Ki gaida abokan aikinki. Allah ya tsare mini ke.

Ƙanwarki,
Jamilatu.


Sabon Birni,
Alhamis.

Yaya Mairama,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi lafiya. Ya azumin Alhamis, ko aiki ya hana ki? Nan dai muna nan, hadari na haɗuwa da la'asar iska ta watsa shi. Inna ta fara dafa ganyen tafasa da ɗan ƙuli, ta ce wai marmari take. Duk mun san ba marmari ba ne.

Wasiƙar Litinin tana cikin akwatina, ban aika ba. Na karanta ta na ga na tsaya daidai inda laifina ya fara.

Malam Atiku ba ya yi mini dariya. Yana tambayata inda abu yake, in nuna mishi, ya ce, "Ashe ke ce mai ofishin, mu baƙi ne." Ya ga littafi a jakata bai ce komai ba, mako na gaba ya zo mini da sabo daga kasuwar Isa. Yaya, kin san ni. Kafin ya ɗaure babur ɗinshi na riga na gina mana gida a raina, har na zaɓi launin labule. A littattafan da nake karantawa haka abin ke farawa, da kyauta ƙarama da kallo guda. Ban taɓa tambayar kaina ko shi ya san an fara ba.

Da rani Sarkin Noma Na'Allah ya kawo ƙara. Ya ce tun kakanninshi su ke faɗin ranar shuka, ba a sa iri ƙasa sai Sarkin Noma ya sa, yau kuma an wayi gari yarinya da kwalba ce ke faɗi. Ya ce ko a sa sunanshi a ciki ko ya janye mutanenshi. Da Liman ya ji za a sa Sarkin Noma, ba a iya barinshi ba. Da anka sa Liman, Mai Unguwa ya aiko a gaida ƙungiya, kowa ya gane gaisuwar. Sai Malam Atiku ya buɗe musu ƙofa: kowannensu na iya turo awon ruwa daga wayarshi, kuma saƙo zai fita da cewa manya sun tabbatar. Kowa ya ji daɗi, har anka yi fatiha.

Da ya tafi na yi gwaji. Bakwai. Na ce ko ni na yi kuskure, na sake. Bakwai. Na zauna ina lalube har na gano wani abu da ba ya ma cikin tambayoyinki. In an shigar da awon ruwa guda sau biyu, manhaja ba ta gane ruwa ɗaya ne ba, sai ta haɗa su. Goma da goma ta ce ashirin. Kuma na san dattawan nan ba mai kwalba cikinsu. Kwalba guda ce a garin, tana tsakar gidanmu kusa da turken akuya.

Na shirya maganar mako guda. Na maimaita ta gaban madubi, yadda za ni faɗa a hankali kada ya ji kunya. Ranar kasuwa ya zo, na buɗe baki, sai ya riga ni. Ya ce, "Malama, ke kaɗai ce a garin nan ba ki taɓa kawo mini ƙorafi ba. In na gan ki sai in huta." Sai na ce ya hanya.

Bayan nan ya sake taɓa ta sau biyu, ɗaya don wayar Liman ba ta karɓa, ɗaya don ya rage mata nauyin buɗewa. Nauyin ya ragu, ta koma shida, sannan biyar. Duk na rubuta a bayan littafin da ya saya mini. Ina gaya wa kaina damina da saura, za ni faɗa, ko kuma shi da kanshi zai gano ya ce ashe ke ma kin gani, mu yi dariya.

Ruwan farko ya zo da asubahin ranar kasuwa. Ya yi ƙara bisa kwano kamar da gaske, amma bai daɗe ba. Na duba kwalba, milimita takwas, na gaya wa Baba. Kafin in sa hijabi wayar Baba ta yi ƙara sau uku. Sarkin Noma, Liman, Mai Unguwa, kowa na tambaya, "Malam, nawa kwalba ta ce?" Baba ya ce takwas. Kowannensu ya tura takwas da sunanshi.

Da na isa ofis allon na nuna ashirin da huɗu. Saura ɗaya ya kai. Ban manta lissafi ba, Yaya, na san abin da takwas ɗina za ta yi. Da na juya na koma gida, da ba abin da ya fita. Malam Atiku na tsaye bayana, ina jin ƙamshin turarenshi, ya ce, "Manya sun riga ki yau. Shigar mana da taki, Malama." Na shigar. Talatin da biyu. Na ji muryarki ta tashi daga wayar mai shayi a waje, sannan ta mahauci, sannan duk kasuwa.

Baba ya tona ƙasa da hannu a gona ya ce danshin bai wuce yatsu uku ba. Amma Sarkin Noma ya riga ya fita da sungumi, don manhaja ta ce ya isa. Manhaja kuwa ta ce ya isa ne don Sarkin Noma ya ce takwas. Hadari na nan baƙi ƙirin ta gabas, mutane sun gaji da jira, kuma wa zai tsaya bayan Sarkin Noma ya sara? Har ni na bi layi ina zuba iri ina rufewa da ƙafa. Na san kabari nake rufewa.

Kin san Kande ta Gangara, wadda mijinta ya rasu bara. Ta zo gidanmu bayan tsiro ya bushe, da shi a gefen zane, ta zube wa Inna a tabarma. Ba ta yi zagi ba. Ta ce, "Uwar Mairama, ki ajiye mata, in ta zo ta ga abin da ta ce in shuka." Ni na share tabarmar.

Ki yafe mini in kin iya. Inna na gaishe ki, ba ta san ina rubutu ba, amma na san za ta ce a gaishe ki.

Taki,
Jamilatu.


Sabon Birni,
ranar kasuwa.

Yayata,

Barka da zuwa, ya gajiyar hanya? Abin dariya ne in rubuta miki haka alhali kina ɗakin Inna, bango guda tsakaninmu, ina jin kina shan fura kina cewa ta fi ta Sakkwato. Na gaishe ki da baki ɗazu, kin ce na rame, na ce zafi ne.

Na ji abin da Baba ya ce miki a zaure. Bayan la'asar za ki je gaban ƙungiya ki ba da haƙuri, kada ki yi musu, kada ki ɗaga ido, don gidanmu ya samu ya ci gaba da shiga mutane. Na ji kin ce, "To Baba, in laifina ne ai sai in ɗauka." Kin faɗe shi da muryar da ba ki da tabbas, kuma na gane kin fara yarda laifinki ne.

Ga abin da ba ki sani ba. A taron ƙungiya na makon jiya ina bayan taga. An tambayi Malam Atiku me ya faru. Ya ce shi ya tarar da ginin a karkace tun daga tushe, aikin ɗalibai ne, an yi shi don cin jarrabawa ba don gona ba. Ya ce ya yi iya ƙoƙarinshi. Sarkin Noma ya gyaɗa kai, Liman ya ce Allah ya kyauta. Ba wanda ya tuna da waya uku da anka buga wa Baba. Da Malam Atiku ya fito ya gan ni, ya ce, "Kada ki damu, Malama, ba da ke ake ba." Ina jin ya ɗauka alheri ya yi mini. A makon ne kuma na ji matar mai shayi na cewa an sa ranarshi a Isa tun bara. Ba don wannan nake rubutu ba, na riga na fara kafin in ji. Amma ba za ni yi miki ƙarya in ce bai ƙona ni ba. Gidan da na gina ba wanda ya taɓa shiga sai ni, kuma da geron mutane na biya shi.

Ya gaya wa ƙungiya ya gyara manhajar. Jiya na shiga ɗakin gwaji. Huɗu cikin sha biyu. Haɗa awon yana nan yadda yake, bai ma gano shi ba. Abin da ya yi, ya ɗaga ashirin da biyar ɗinki ya mai da ita arba'in. Yanzu a nan garin, in an yi yayyafin milimita goma, mu huɗu za mu kai ta arba'in, muryarki ta sake fita. A Burkusuma kuwa, inda mutum guda ke turowa, ko ruwan kirki anka yi ba za su ji komai ba.

Kuma kin ga buhunan da ke ofis. Irin gero ne mai saurin nuna da fatake sunka samo wa ƙungiya daga Nijar, an ce daga shi ba wani. Gobe za a raba. Kande na cikin masu karɓa. In wanga ya bi na farko, ba sauran zancen damina, sai dai a ƙirga gidajen da za a rufe a tafi cin rani tun yanzu. Ina rubutun nan gabas ta fara duhu.

In kinka ba da haƙuri yau, za a ce an gano mai laifi, an wuce wurin, a bar manhajar a kunne a hannunshi. Ke kaɗai za ki iya buɗe ta gaban mutane ki shigar da takwas sau huɗu su gani da idonsu. Amma ba za ki san inda za ki duba ba sai na nuna miki.

Na yage shafukan daga bayan littattafan, guda shida ne, na jera su bisa kwanan wata. Daga sha biyu har huɗu, da sunan kowa. Na ƙara layi guda da ban taɓa rubutawa ba, na ranar ruwan farko, na sa sunana a wurin wanda ya taɓa.

Na san abin da zai biyo baya. Baba zai ji cewa ɗiyarshi ta san iri zai mutu ta bi shi gona tana zubawa. Za a tambayi dalilin shiruna, kuma matan garin nan ba sa buƙatar a gaya musu. Lawwali zai samu abin ba 'yan kabu-kabu dariya har shekara. Malam Atiku ba zai sake ce mini Malama ba. Ke kuma ban san da wane ido za ki dube ni ba, wannan ya fi duka tsorata ni. Na yi tunanin in ba ki shafukan kawai in ƙona wasiƙun, ki ga lambobi ba ki ga ni ba. Amma za ki tambaye ni me ya sa ban kira ba, kuma na san bakina, zai ce zafi ne.

An fara kiran la'asar a masallacin kasuwa. Na ji kin ce wa Inna ta miƙo miki buta. Za ni bari ki sallame, sannan in shigo in sa miki wasiƙun nan duka uku a hannu, da shafukan, kafin ki ɗauki mayafi. Ba za ni gudu ɗaki ba. Za ni tsaya nan gabanki har ki gama karantawa, in kuma kin ce in bi ki wurin taron, za ni bi ki.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Jamilatu.